Tukunyar da Aka Bar wa Ƙasa

Kansa ta fara gani yana fitowa daga ƙasa. Hula ce ta fara ɓullowa, sai goshi duk jar ƙasa, sai kafaɗu. Kafin sauran jikin ya biyo baya, Auta ta saki robar ruwan da ke hannunta, ruwan ya malale mata a takalmi. Shekara tara rabonta da ganin mutum yana fitowa daga rami, kuma wancan karon ba da ƙafarsa ya fito ba.

Wannan kuwa da ƙafarsa ya fito, har da murmushi. Ya nufo rumfar da take zaune, riƙe da tire cike da fasassun tukwane, cokalin gini soke a aljihun wandonsa na baya.

"Sannu da aiki. Ke ce mai zanen da Dakta ta ce za ta zo?"

"Ni ce," ta amsa da ƙyar.

"To ga baƙinki. Sun yi shekara ɗari huɗu ba su ga wanka ba, ki bi su a hankali."

Ta so ta yi dariya, amma hannunta bai daina rawa ba. Ya lura, ya sunkuya ya ɗauke mata robar.

Filin yana bayan tsohuwar makarantar gari, inda za a fitar da sabuwar hanya. Gidan adana kayan tarihi ya nemi alfarmar wata uku kafin motocin aiki su shigo, ya turo Dakta, wata mata mai yawan shiru da ƙaton littafi, ita kuma ta nemi 'yan sa-kai duk ranar Asabar. Aka samu tela, da ma'aikatan jinya biyu, da tsofaffin da suka yi ritaya suka rasa inda za su kai ƙafa. Auta tana aiki a shagon buga katin gayyata, hannunta ya faɗa da zane, shi ya sa ta zo. Sharaɗi ɗaya ta kafa: a rumfa za ta zauna, ta wanke abin da aka haƙo da buroshin haƙori, ta zana. Tsakanin rumfar da bakin ramin taku talatin ne. Ta ƙirga tun ranar farko, kuma ba ta taɓa rage ko ɗaya ba.

Dalilinta yana gida, rataye a jikin ƙusa a bayan ƙofar ɗakin Baba. Wata igiya ce mai kauri da ta yi baƙi don aiki. Baba mai haƙar rijiya ne a da, ya san ƙasa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ranar da abin ya faru shi ne a sama riƙe da igiyar, Yayanta a ƙasa. Baba ya ga yashi yana zirara a jikin bango, ya ce masa ya fito. Yaya ya ce, "Baba, guga ɗaya ya rage." Maganar ƙarshe da aka ji daga bakinsa ke nan. Tun ranar Baba ya rataye igiyar, ya koma gyaran famfo, kuma ko ramin shuka ba a haƙawa a gidan.

Saboda haka Auta ta faɗi rabin gaskiya a gida. Ta ce zanen kayan tarihi take zuwa yi, ta haɗiye maganar rami.

Mai tiren nan malamin tarihi ne a sakandare. Ba a yi Asabar uku ba sai tirensa ya fara zuwa rumfa sau takwas a yini, wani lokaci da tsingaro biyu kacal a ciki. Tela ya ce bai taɓa ganin tukunyar da take fitowa da tsiyaye-tsiyaye irin wannan ba. Malam ya yi kamar bai ji ba, ya karɓi lambarta, wai saboda aiki.

Saƙon farko da yammacin ranar ya shigo:

"'Yar Rumfa, na duba zanenki. Tukunyar ta fi kyau a hannunki fiye da a hannun wadda ta gina ta. Kin isa gida lafiya?"

Ta karanta sau huɗu kafin ta mayar:

"Lafiya lau, Mai Cokali. Ka wanke goshinka kafin ka shiga aji, kar ɗalibai su ɗauka kai ma haƙo ka aka yi."

Daga nan hira ta buɗe. Auta ta kamu, kamuwar da ba ta shirya mata ba, kuma son ya zo mata hannu da hannu da tsoro. Duk sanda hularsa ta ɓace a bakin ramin sai numfashinta ya sarƙe, ba ya dawowa daidai sai ta sake ɓullowa. Ramin kuma kullum ƙara zurfi yake. Masu wannan aiki suna yanke bangon rami a miƙe ƙyam, su kankare shi tas, don su karanta ƙasa hawa-hawa: nan toka, nan daɓen ɗaki, nan gawayi. Ba sa son katako ko wani tokari ya rufe musu bangon. Ita kuwa 'yar mai rijiya ce, ta san abin da miƙaƙƙen bango yake yi.

Akwai kuma Mai Kyamara, wata doguwar budurwa da ke ɗaukar hotunan aikin. Ita ba ta tsoron komai. Tana sauka tsani kamar matakalar gidansu, ta riƙe wa Malam sandar awo, dariyarsu tana tasowa daga ƙasa har rumfa. Wata rana ta zo shan ruwa, ta dubi farin mayafin Auta sama da ƙasa.

"Wasu dai sun ji daɗi. Su zo tarihi tas, su koma tas."

Auta ta ci gaba da fiƙe fensir har ya kusa ƙarewa.

A Asabar ta goma sha biyu, Malam ya zo rumfa da gudu-gudu, idonsa yana ƙyalli.

"Taso ki gani. Tukunya ce guda, ko tsagewa babu, da murfinta. Rabinta yana cikin bango. Ba za mu taɓa ta ba sai an zana ta a inda take, kuma ni hannunki nake so ya zana."

"Ba zan je ba."

"Leƙawa kawai za ki yi."

"Na ce ba zan je ba, Malam. Ka kira mai hotonka."

Annurin fuskarsa ya ɗauke. Ya dubi hannayensa da suka yi dama-dama da laka, ya dubi mayafinta, ya juya. Kwana biyu wayarta shiru, ita kuma tana duba ta kamar mai jiran sakamakon asibiti. A na uku saƙo ya zo:

"'Yar Rumfa, in ƙazantar aikina ce ba kya so, ki faɗa min. Amma ni dai ke nake so, da rumfarki da komai. Ki ba ni izini in zo in gaida Baba."

Ta yi kuka, ta yi dariya, ta rubuta:

"Ka zo, Mai Cokalina. Amma don Allah ka ce kai malamin makaranta ne kawai."

Ya zo da la'asar, ya sha wanka da guga, ya cire takalmi a bakin ƙofar falo. Umma ta kawo shayi tana satar kallonsa, da alama ya kwanta mata. Baba ya amsa gaisuwa da sakin fuska, ya tambayi iyaye, ya tambayi makaranta. Sai ya tashi zai miƙa wa Umma kofi, idonsa ya sauka a kan takalman. An wanke su, an goge, amma a cikin ɗinkin tafin akwai siririn layin laka mai ruwan toka. Baba ya sa farce ya ɗan kankaro, ya murza a yatsa. Auta tana bayan labule tana kallo.

"Malam, wannan lakar ba ta saman ƙasa ba ce. Sai an haƙa zurfin gaba biyu ake samun ta. Me kake yi a rami?"

Malam bai iya ƙarya ba. Ya faɗi komai.

"Bangon a miƙe yake ko a kishingiɗe?"

"A miƙe, Baba."

"Da tokari?"

"Babu."

"Ƙasar da kuke fitarwa fa, ina kuke tara ta?"

"A bakin ramin, ta gefen tsani. Yawancin masu ɗaukar bokitin dattawa ne, ba ma so su yi nisa."

Baba ya koma ya zauna. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta da faɗa ko kaɗan, abin da ya fi tsorata Auta ke nan.

"Ina da ɗa namiji guda, ƙasa ta riga ni binne shi, ina riƙe da igiyarsa. Ban ga aibu a tare da kai ba. Amma ba zan ba da 'yata ta je ta zauna tana jiran wani a bakin rami ba. Ka yi haƙuri, ka nemi wata."

A soro ta tarar da shi yana sa takalmi, idonsa ya yi ja.

"Shi ya sa ba kya barin rumfa," ya ce a hankali. "Ni kuma na ɗauka raina ni kika yi. Me ya hana ki faɗa min?"

"Ba na iya faɗa. In na faɗa sai in ga kamar ina kiran masifar ne."

"Asabar ɗaya ta rage. Mu zana tukunyar, mu ɗauke ta, Litinin motoci su rufe ramin. Daga nan in dawo in durƙusa wa Baba har sai ya gaji da ni."

Ranar Alhamis aka yi ruwa. Ranar Juma'a aka wuni ana yi. Auta ta tsaya a tagar shago tana kallon ruwan yana cin gefen kwata, tana tuna tulin ƙasar nan yana sha yana ƙara nauyi. Da safiyar Asabar, rana ta fito ƙal, ta ɗauki waya:

"Mai Cokalina, don girman Allah kar ka sauka yau. Ƙasar ta sha ruwa."

Amsa ta zo nan take:

"Mun rufe da tamfol, cikin ramin a bushe yake. Awa ɗaya kawai, 'Yar Rumfata. Ni da mai hoto za mu auna mu fito. Ki kwantar da hankalinki."

Hankalin bai kwanta ba. Ta tarar da Baba a tsakar gida yana jera sifanu a jaka. Tun ranar da aka yi baƙon ba ya haɗa ido da ita. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka hana ni shi, na ji, ban yi musu ba. Amma kar ka hana shi idonka. Babu wanda ya san ƙasa a cikinsu, littafi suka sani. Yana can ƙasa yanzu."

"Na rantse ba zan ƙara tsayawa a bakin rami ba, Auta."

"Shi ma yana da uwa, Baba."

Umma da ke bakin kicin ta sa gefen zane ta rufe fuska. Baba ya daɗe yana kallon sifanar da ke hannunsa. Sai ya ajiye ta, ya shiga ɗaki. Da ya fito, igiyar tana kafaɗarsa, ƙurar shekara tara tana zuba a rigarsa.

Da suka isa filin, Baba bai gaida kowa ba, bai ma leƙa ramin ba. Ya zaga ta bayan tulin ƙasar yana taka ƙafa a hankali, ya ɗaga gefen tamfol, ya tsuguna. Auta ta tsaya a rumfa.

"Ba ni fensirinki," ya ce, bai waigo ba.

Tela ne ya karɓa ya kai masa. Akwai wata tsaga a ƙasa, siririya kamar zare, ta bi tsawon bangon. Baba ya sa fensirin a ciki, ya sake shi. Fensirin ya shige gaba ɗaya, ya ɓace. Dakta da ke tsaye kusa ta rufe littafinta.

"Kowa ya bar wannan gefen. Kar wanda ya yi gudu, kar wanda ya yi ihu," in ji Baba. Ya zaga ɗaya gefen, ya kwance igiyar, ya ba maza huɗu bakinta, sannan ya leƙa. "Malam, ni ne. Ɗauke tsanin daga bangon nan a hankali, ka jingina shi nan wajena. Yarinyar ta fara hawowa."

Mai Kyamara ta fito, fuskarta ba sauran tsiwa, aka ja ta gefe. Kowa ya zuba ido yana jiran hula. Ba ta ɓullo ba. Sai murya ta taso daga ƙasa:

"Baba, minti biyar. Tukunyar kawai ta rage."

Auta ta ga abin da maganar ta yi wa mahaifinta. Bakinsa ya buɗe, sauti bai fito ba. Yana kallon ramin amma ba wannan ramin yake gani ba.

Ba ta san sanda ta bar rumfar ba. Taku talatin ɗin nan ta yi su, kowanne kamar ana zare mata rai. Da ta isa ta kwanta rub da ciki a kan laka, da farin mayafin da komai, ta leƙa. Zurfin ya juya mata kai. Ga shi can a tsugune, buroshi a hannu. Ga tukunyar a jikin bango, ja mai ƙaton ciki, da zanen igiya a wuyanta da ɗan murfi. A samanta kuma yashi yana zirara siriri, ba ƙara.

"Mai Cokali," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ɗago ka gan ni."

Ya ɗago. Ya ga wadda ba ta taɓa barin rumfa ba kwance a bakin rami.

"Na gan ta, zan zana maka ita. Yayana ma guga ɗaya ya ce. Ka ajiye buroshin ka zo."

Ya dubi tukunyar sau ɗaya, ya ajiye buroshin. Baba ya farfaɗo, ya jefa masa igiyar. "Ɗaura a ƙugu kafin ka taka tsani." Ya ɗaura. Yana matakala ta huɗu bangon ya saki. Ba wata babbar ƙara, wani nishi ne kawai mai nauyi, sai tulin ƙasar ya zabtaro gaba ɗaya, ya doke ƙafar tsanin. Ƙura ta turnuƙe. Auta ta daina ganin komai, ta daina jin komai, sai muryar Baba: "Ku ja. Ku ja, kar ku tsaya."

Hannu ya fara fitowa, sai kai babu hula, sai kafaɗu. Suka zube shi a kan ciyawa yana tari, laka har gwiwa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Rabin ramin ya cike, tukunyar tana can ƙarƙashi inda ta saba.

Baba ya zauna daɓas a ƙasa, igiyar a cinyarsa, hawaye yana bin gemunsa. Auta ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar Yaya.

"Wannan karon ta fito da mutum," ya ce. Ya sake faɗa, kamar mai son ya ji da kunnensa.

Mai Kyamara ce ta kawo wa Auta ruwa, ta sa hannu tana kakkaɓe mata mayafi. Dakta ta durƙusa gaban Baba ta ce kuskurenta ne, ta roƙe shi ya riƙa duba musu kowane rami kafin a sauka.

Bayan mako guda ya aika a kira Malam. Ya zo da sabon takalmi, Umma ta ce gara haka, wancan mai tonon asiri ne.

"Ban fasa tsoro ba," in ji Baba. "Amma na ce wa ɗana ya fito bai fito ba. Kai an ce ka fito, ka bar abin da ka fi so ka fito. Ba zan ce ka daina aikinka ba, na ga ba za ka iya ba. Sharaɗina ɗaya: duk ramin da ya wuce ƙugu, ba ka sauka sai na gani. In na ce fito, ba tambaya."

"Ba tambaya, Baba."

"To turo magabatanka."

Auta da kanta ta tsara katin bikin a shagonsu. Maimakon furanni, ta sa tukunya ja mai ƙaton ciki, da zanen igiya a wuya da ɗan murfi. Kallo ɗaya ta yi mata, amma ko layi bai ɓace ba. Dakta ta nemi asalin zanen ta rataye a gidan tarihi, domin shi kaɗai ne shaidar cewa tukunyar ta taɓa ganin rana.

Ranar ɗaurin aure 'yan sa-kai suka zo kwansu da kwarkwatarsu, tela yana bugun ƙirji wai shi ya fara gano maganar tun daga tire. Mai Kyamara ce ta ɗauki hotuna. Da rana ta yi sanyi, saƙo ya shigo wayar amarya:

"'Yar Rumfata, na rasa tukunyar shekara ɗari huɗu, kuma ban taɓa jin na yi sa'a kamar yau ba."

Ta mayar tana share ido:

"Saura ka ƙara cewa minti biyar, Mai Cokalina."

Da za a tafi da ita, Baba ya kira su biyun ɗakinsa. Ƙusar bayan ƙofa babu komai a kanta. Igiyar tana kan tabarma, an wanke ta, an naɗe. Ya ɗauka ya ɗora a hannun angon, sannan ya kamo bakinta ɗaya ya sa a tafin 'yarsa, ya dunƙule mata yatsu a kai.

"Ni na tsufa, wata rana ba ni ne a sama ba. Auta, in kin ce ya fito, zai fito. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya tagari. Allah ya sa duk inda ya sauka, da ƙafarsa zai dawo miki."

Umma ta ce amin daga bakin ƙofa. Auta ta ƙara damƙe igiyar, ta ji hannunta ba ya rawa.